Wa ya fara ƙera na'urar hangen nesa, kuma me aka fara gani da ita?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina shirya wa ɗalibaina na babbar sakandare darasi a kan haske da gilasan tabarau, sai na tsaya a kan wata jimla da ke cikin takardun da na daɗe ina koyarwa da su, wadda ke cewa Galileo ɗan ƙasar Italiya ne ya ƙirƙiro na'urar hangen nesa. Shekara da shekaru ina faɗa wa yara haka ba tare da na bincika ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai da na gano ba daidai ba ne. A watan Oktoba na 1608 wani mai haɗa tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, mai suna Hans Lipperhey, ya gabatar wa majalisar ƙasarsa wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo abin da ke nesa ya zo kusa, yana neman a ba shi takardar mallaka ta shekara 30 don kada kowa ya ƙera irinsa sai shi. Majalisar ba ta ba shi ba, domin cikin 'yan makonni wani Jacob Metius daga garin Alkmaar ya zo da irin wannan buƙata, ta kuma bayyana cewa dabarar ta riga ta fara bazuwa. Galileo bai ji labarin ba sai a 1609. To, idan ba shi ya ƙirƙiro ta ba, me ya kamata in gaya wa ɗalibai cewa ya yi?

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Abin da Galileo ya yi ba ƙarami ba ne, kuma ina ganin kada gyaran kuskure ɗaya ya jefa mu cikin wani. Bututun Lipperhey yana ƙara girman abu kamar ninki 3 ne kawai, kuma waɗanda suka fara sha'awarsa mayaƙa ne, domin a lokacin Holan tana tattaunawar tsagaita wuta da Sifen, kuma Yarima Maurice da ke jagorantar rundunarta yana cikin waɗanda aka fara gwada wa shi a birnin Hague. Galileo, wanda yake koyar da lissafi a jami'ar Padua, ya zauna ya koyi wasa gilashi da goge shi da hannunsa. A watan Agusta na 1609 ya hau da manyan birnin Venice hasumiyar San Marco ya nuna musu na'ura mai ninki 8, suka hango jiragen ruwa tun kafin ido ya iya ganinsu, suka ƙara masa albashi zuwa fulorin 1,000 a shekara. Kafin shekarar ta ƙare ya kai ninki 20. Wannan tazara tsakanin 3 da 20 ita ce ta mai da kayan leƙen abokan gaba ya zama kayan binciken sama.

Alhaji Mamman: Ni abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa kullum ake fara wannan labari daga Turai. Ina Ibnul Haisam? Mutumin da aka haifa a Basra, ya rayu a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir shekaru kusan 600 kafin Galileo ya ɗaga bututunsa. Na sha jin malamai suna cewa shi ne ainihin wanda ya ƙirƙiro wannan na'ura, Turawa suka ɗauka suka sa sunansu. Malam Sabi'u, idan gyara za ka yi, to ka gyara tun daga tushe.

Dakta Hauwa: Ranka ya daɗe Alhaji, ina girmama kishinka, kuma ina tare da kai cewa bai kamata a koyar da haske ba tare da ambaton Ibnul Haisam ba. Amma bai ƙera na'urar hangen nesa ba, kuma idan muka ɗora masa abin da bai yi ba, za mu bai wa mai musu damar watsar da abin da ya yi, wanda ya isa abin alfahari. Shi ne ya kafa hujja ta hanyar gwaji cewa gani yana faruwa ne saboda haske yana tasowa daga abu ya shiga ido, ba wai ido ne ke fitar da wani haske ya taɓa abu ba, kamar yadda masanan zamanin da, Uƙlidis (Euclid) da Baɗlimus (Ptolemy), suka ɗauka. Ya yi nazarin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, da yadda yake dawowa daga madubi, da yadda yake karkacewa idan ya shiga ruwa ko gilashi. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, kuma a kan wannan gado Kepler, masanin taurari ɗan Jamus, ya gina bayaninsa na yadda ido ke aiki a 1604. Kafin shi ma akwai Ibnu Sahal a Bagadaza, wanda wajen 984 ya zana ƙa'idar karkacewar haske da Turai ba ta sake gano ta ba sai a ƙarni na 17.

Tambayar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wannan. An fara yin tabarau na karatu mai gilashi mai doro a Italiya wajen 1286, gilashi mai kwarmi na masu ganin kusa kawai kuma yana hannun masu sana'a tun tsakiyar ƙarni na 15. Ke nan gilasan biyu da ake bukata suna cikin shago ɗaya fiye da shekara 100 kafin Lipperhey. Me ya hana wani ya jera su tun da wuri?

Malam Isuhu: Dakta, wannan tambaya ta shigo fagena, domin yanka gilashin tabarau da ɗora shi ita ce sana'ata. Ba na shakkar cewa an sha jera su, abin da aka gani ne bai gamsar ba. Mai sanye da tabarau yana leƙawa ne ta ɗan ƙaramin wuri a gilashin, daidai faɗin ƙwayar idonsa, saboda haka ko gilashin yana da kumfa a ciki ko doronsa bai daidaita ba, zai yi karatunsa lafiya. Gilashin gaban na'urar hangen nesa kuwa dukkan faɗinsa ne ke tattara haske zuwa wuri guda, sannan na biyun ya ƙara girman duk wani aibu da ke cikinsa. Gilasan wancan zamani tsakiyarsu ce kaɗai ke da kyau, bakinsu a karkace yake. Shi ya sa Galileo yake rufe bakin gilashinsa da zobe, ya bar 'yar kafa a tsakiya. Ilimin yana cikin littafi, amma sai da hannun mai wasa gilashi ya kai wani matsayi sannan abin ya yiwu.

Alhaji Mamman: Na karɓi gyara a kan maganar na'urar, Dakta, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina nan a kan bakana cewa binciken taurari bai fara da ita ba. Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a sama a littafinsa na 964, wanda yau aka san tarin taurari ne na Andromeda. Ulug Beg ya gina ɗakin duban taurari a Samarƙand, aka auna wuraren taurari 1,018 da ido tsirara. Taƙiyyuddin ya gina nasa a Istanbul a 1577, aka rushe shi a 1580, shekara 28 kacal kafin bututun Lipperhey. Duk lokacin da na tuna wannan rushewa raina yakan ɓaci.

Dakta Hauwa: Wannan gaskiya ne, Alhaji, kuma haka Tycho Brahe ɗan ƙasar Denmark, wanda ya rasu a 1601 bai taɓa ganin na'urar ba, amma da ma'aunansa Kepler ya gano cewa hanyar duniyar Mirriku (Mars) ba da'ira ba ce, tana da siffar ƙwai. Waɗannan duk sun auna inda taurari suke. Abin da gilashi ya ƙara shi ne ganin yadda suke.

Malama Zainabu: Ina bin muhawarar tun farko. Don Allah a faɗa mana dalla-dalla abin da aka gani, da dalilin da ya sa ya tayar da ƙura haka.

Injiniya Lawal: Malama, a watan Maris na 1610 Galileo ya buga ɗan ƙaramin littafi a Venice mai suna Sidereus Nuncius, kwafi 550, kuma abubuwa uku ne manya a cikinsa. Na farko wata. Malaman jami'a sun gada daga Aristo cewa duk abin da ke sama sumul yake, ba tabo ba aibu. Galileo ya lura cewa layin da ya raba haske da duhu a fuskar wata ba miƙaƙƙe ba ne, kuma akwai ɗigon haske a cikin ɓangaren duhu waɗanda ke faɗaɗa a hankali har su haɗu da sauran hasken, kamar yadda rana ke fara haska kan dutse kafin ta sauko kwari. Daga nisan ɗigon da layin ya lissafa cewa wasu duwatsun sun haura mil 4. Na biyu yawan taurari. Kaza da 'ya'yanta, wadda ido ke ƙirga shida ko bakwai a cikinta, ya zana mata ƙarin taurari 36, kuma farin zanen nan da ke ratsa sama da dare ya tarar tarin taurari ne birjik.

Na uku shi ne mafi nauyi. A daren 7 ga Janairu 1610 ya duba Mushtari, wanda Turawa ke kira Jupiter, ya ga ƙananan taurari uku a jere kusa da shi, biyu a gabas ɗaya a yamma. Washegari duka ukun suna yamma. Ya ci gaba da bibiya dare bayan dare, a ranar 13 ya ga na huɗu, har ya tabbata cewa watanni ne da ke kewaya Mushtari. Masu cewa komai ƙasa yake kewayawa sun kasance suna kafa hujja da cewa idan ƙasa tana tafiya za ta bar watanta a baya. Ga Mushtari, wanda kowa ya yarda yana tafiya, yana riƙe da huɗu. A ganina waɗanda suka ƙi yarda bayan wannan taurin kai ne kawai ya hana su, irin Cesare Cremonini abokin aikinsa a Padua, wanda ya ƙi ko leƙawa.

Dakta Hauwa: A nan zan saɓa maka, Injiniya. Cremonini ba shi da uzuri, amma ba dukkan masu shakka ne irinsa ba. A watan Afrilu na 1610 Galileo ya kai na'urarsa birnin Bologna, gidan masanin taurari Giovanni Magini, malamai suka taru suka duba, da yawansu ba su ga watannin yadda zai gamsar da su ba. Ba ƙarya suka yi ba. Na'urar Galileo, mai gilashi mai doro a gaba da mai kwarmi a wajen ido, filin da take nunawa ƙunci ne ƙwarai, ko fuskar wata ba ta ɗauka gaba ɗaya, ga rawar hannu, ga launuka da ke kewaye kowane tauraro. Kuma a lokacin ba wanda ya iya bayyana dalilin da ya sa take aiki, ballantana ya tabbatar cewa ɗigon da ake gani ba daga cikin gilashin yake ba. Da malaman lissafi na kwalejin 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, a Rum, ƙarƙashin Christopher Clavius, suka sami na'ura mai kyau suka duba da kansu, sun tabbatar da watannin kuma sun karrama Galileo a 1611.

Shi kansa Galileo na'urar ta ruɗe shi. A watan Yuli na 1610 ya duba Zuhal, wato Saturn, ya ga kamar taurari uku ne manne da juna, babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe. A 1612 ya sake dubawa ƙananan sun ɓace. Ya rasu a 1642 bai san zobe ne ya kewaye duniyar ba, wanda idan ya juyo mana da kaifinsa ba ya ganuwa. Sai a 1659 Christiaan Huygens ya buga wannan bayani, bayan ya gano Titan, babban watan Zuhal, a 1655.

Injiniya Lawal: Na yarda da maganar Zuhal. Amma me za ki ce game da Zuhura (Venus), tauraron nan da muke kira Gamzaki idan ya fito da asuba? A ƙarshen 1610 Galileo ya ga yana sauya kama kamar wata, daga kusan cikakke ƙarami zuwa jinjiri babba. A tsarin Baɗlimus, inda Zuhura take koyaushe tsakaninmu da rana, ba yadda za a yi ta bayyana kusan cikakkiya. Wannan ai hujja ce yankakkiya.

Dakta Hauwa: Yankakkiya ce a kan Baɗlimus, ba a kan tsayuwar ƙasa ba. Ta tabbatar cewa Zuhura rana take kewayawa. To, Tycho ya riga ya kawo tsarin da sauran duniyoyi ke kewaya rana, ita kuma rana tana kewaya ƙasa da ke tsaye, kuma wannan tsari yana ba da sauyin kamar Zuhura daidai da na Copernicus, wanda ya ce ƙasa ma rana take kewayawa. Shi ya sa masana da yawa suka koma gare shi. Hujjar da ake nema ita ce a ga tauraro na kusa ya ɗan gusa a kan na nesa idan ƙasa ta koma ɗaya gefen rana bayan wata shida, kuma ba a iya auna wannan ba sai a 1838, lokacin da Friedrich Bessel ya auna shi a kan tauraron 61 Cygni da na'urar da aka ƙera a masana'antar Fraunhofer. Kafin nan James Bradley ya kawo wata shaida ta tafiyar ƙasa a 1729.

Malam Sabi'u: Akwai wanda ba a ambata ba. Thomas Harriot a Ingila ya zana wata ta cikin na'ura mai ninki 6 a watan Yuli na 1609, watanni kafin Galileo, amma bai buga komai ba, sai bayan shekaru masu yawa aka tono takardunsa. Ina so a koma kan ƙirar. Yaya aka fita daga ƙuncin na'urar Galileo?

Injiniya Lawal: Kepler ne ya nuna hanya a 1611, da ya ba da shawarar a sa gilashi mai doro a duka ɓangarorin. Hoton yana zuwa a kife, wanda ba ya damun mai duban taurari, amma filin ya fi faɗi, kuma hoton yana haɗuwa a wani wuri a cikin bututun inda za a iya gitta zare. William Gascoigne a Ingila ya gane haka wajen 1640, da ya ga zaren saƙar gizo-gizo da ya faɗo daidai wurin ya fito raɗau tare da abin da yake dubawa, daga nan na'urar ta zama ma'auni. Da irin wannan ƙira Cassini ya gano watanni huɗu na Zuhal a Paris da kuma tsagar da ke cikin zobensa a 1675, Ole Rømer kuma ya lura a 1676 cewa husufin Io, watan Mushtari, yana jinkiri idan ƙasa ta yi nisa da shi, ya fahimci cewa haske ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso.

Ciwon da ya rage shi ne launi. Gilashi ɗaya ba ya tattara ja da shuɗi a wuri guda, sai hoto ya fito da bakan gizo a gefensa. Maganin da suka samu shi ne rage doron gilashin, wanda ke tilasta tsawaita bututu. Johannes Hevelius a Danzig ya kai ƙafa 150, an rataye na'urar a jikin dogon turke da igiyoyi, iska kaɗan ta isa ta hana aiki da ita. Huygens ya yar da bututun ɗungum, ya ɗora gilashin gaba a kan dogon itace yana juya shi da zare daga ƙasa.

Malam Isuhu: Newton ne ya gano tushen ciwon, da ya nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin haske gamin launuka ne, kowanne da irin karkacewarsa. Ya yanke cewa gilashi ba zai warke ba, ya koma ga madubi mai kwarmi, domin madubi yana mai da kowane launi ta hanya ɗaya. A 1668 ya ƙera na farko, tsawonsa kamar inci 6, madubin na gamin jan ƙarfe da kuza, da ƙaramin madubi a karkace da ke fitar da hoton ta gefen bututu. James Gregory ya zana wata ƙirar madubi tun 1663, masu sana'ar Landan suka kasa goge masa ita.

Amma hukuncin Newton a kan gilashi kuskure ne, kuma girman sunansa ya sa mutane suka daɗe ba su gwada ba. Wani lauya, Chester Moor Hall, wajen 1733 ya gane cewa idan aka haɗa gilashi mai doro na gama-gari da mai kwarmi na gilashi mai dalma a cikinsa, ɗaya yana gyara launin ɗaya. Don ɓoye sirrin ya ba masu shago biyu aikin daban-daban, su kuma duka biyun suka miƙa shi ga mai wasa gilashi guda, George Bass, wanda ya haɗa su ya gane abin da ake nufi. John Dollond ne ya karɓi takardar mallaka a 1758, kuma da aka je kotu an bar wa gidansa ita saboda Hall bai fitar da abin ga jama'a ba. Wannan labari yana taɓa ni, domin sunan Bass da ya yi aikin da hannunsa ba kasafai ake jin sa ba.

Malama Zainabu: To wanne ya yi rinjaye, gilashi ko madubi?

Dakta Hauwa: Sun daɗe suna karɓa-karɓa. William Herschel, mawaƙin coci ɗan Hanover da ke zaune a Bath, da madubin da ya goge da kansa mai faɗin inci 6 da 'yan kai ya ga duniyar Uranus a daren 13 ga Maris 1781, ya zaci tauraro mai wutsiya ne. 'Yar uwarsa Caroline, wadda ke rubuta masa ma'aunai, ita ma ta gano taurari masu wutsiya 8. Madubin ƙarfe yana dusashewa, sai an riƙa sake goge shi, shi ya sa gilashi ya riƙe fagen auna abubuwa a ƙarni na 19, kuma da shi Johann Galle ya ga duniyar Neptune a Berlin a 1846 a kusa da inda lissafin Le Verrier ya nuna. Sai dai gilashi a bakinsa kaɗai ake iya riƙe shi, idan ya yi faɗi nauyinsa yana lanƙwasa shi, ga shi dole cikinsa duka ya zama garau. Na Yerkes a Amurka, mai inci 40, wanda aka kammala a 1897, a nan aka tsaya. Madubi ana tallafe shi ta baya, kuma tun da Foucault da Steinheil suka fara shafa azurfa a kan gilashi wajen 1857 matsalar dusashewa ta yi sauƙi. A 1917 aka buɗe mai madubin inci 100 a Dutsen Wilson na Amurka.

Malam Sabi'u: Na gode muku duka. Malam Isuhu, ina so ɗalibai su haɗa irin ta Kepler da hannunsu kafin ƙarshen zango, su duba wata da Mushtari. Wane irin gilashi zan nema?

Malam Isuhu: Allah ya gafarta Malam, ka je wurin mai haɗa tabarau ka nemi gilashi mai lamba +1 wanda ba a yanka ba tukuna, wanda ke tattara haske a nisan mita 1. Na wajen ido kuma ka sami ƙaramin gilashi mai ƙara girma da ke tattara haske a santimita 5, wannan zai ba ku ninki 20. Ku sa su a bututun kwali biyu, ɗaya yana zamewa cikin ɗaya, ku shafa baƙi a ciki, ku rufe gilashin gaba da kwali ku bar kafa kamar santimita 2 da rabi a tsakiya. Ku ɗaure bututun a jikin wani abu tsayayye, domin da hannu ba za ku riƙe Mushtari ba. Wata kuma a daren 7 ko 8 ga watan Musulunci za ku fi ganin inuwar duwatsunsa, ba ranar 14 ba. Ka ja kunnen yaran sosai kada kowa ya juya shi wajen rana ko da na ƙiftawar ido ne, domin yana ƙona ido nan take, kuma bututun ya riƙa kwana a hannunka.